Sakata da Takarda: Zancen Rufe Ƙofa a Bakin Sinawa da Japanawa

Harafin da Sinawa suke rubuta ƙofa da shi, wanda suke karantawa men, hoton ƙofar ne da kanta: ƙyaure biyu a tsaye suna fuskantar juna, 門, kamar yadda mai wucewa zai gan su a bakin gidan wani attajiri na da. Idan aka cire ƙyaure ɗaya aka bar ɗaya, sai ya zama wani harafi dabam, 戶, wanda ake karantawa hu, kuma malamin lugga Xu Shen, wanda ya kammala babban ƙamusunsa na haruffa wajen shekara ta 100 miladiyya, ya fassara shi da rabin ƙofa. Shi ne ƙyauren ɗaki, har ya zama da shi ake ƙidayar gidaje in za a yi lissafin haraji. Idan kuwa aka ja layi guda a gicciye tsakanin ƙyauren nan biyu, 閂, to, an sami sakata ke nan, wato gungumen itacen da ake gittawa daga ciki in dare ya yi. Japanawa sun ari waɗannan haruffa duka, tare da addinin Buda da littattafan Konfushiyas da tsarin sarauta, amma ba su ari gidan Basine ba, kuma daga nan ne mafi yawan bambancin da ke tsakanin karin maganarsu ya taso, domin ga al'umma biyu masu alƙalami ɗaya, alhali ɗaya ta saba rufe ƙofa da gungume, ɗaya kuwa da takarda.

Gidan Basine na gargajiya, musamman a arewacin ƙasar, katanga ce ta kewaye tsakar gida, ɗakuna duka sun ba titi baya, ƙofa ɗaya tak ake shiga ta cikinta. Birninsa kuwa wannan fasalin ne aka faɗaɗa. A Chang'an, fadar daular Tang wadda ta yi mulki daga 618 zuwa 907, inda garin Xi'an yake a yau, an yanka gari unguwa-unguwa fiye da ɗari, kowace da ganuwarta da ƙofofinta, kuma da zarar rana ta faɗi sai a shiga kaɗa ganguna, bugu ɗari bisa ɗari, tun daga bakin fada har manyan tituna, domin kowa ya hanzarta komawa kafin a gitta sakata. Dokar daular da kanta ta raɗa wa wannan kiɗa suna gangar rufe ƙofa, na asuba kuma gangar buɗe ƙofa, ta kuma yanke cewa duk wanda aka kama yana yawo a titi tsakanin gangunan nan biyu, ba tare da uzurin aikin hukuma na gaggawa ko rashin lafiya ko rasuwa ba, a yi masa bulala ashirin. Ba a ɗage wannan hukunci sai a darare uku na bikin fitilu, a tsakiyar watan farko na shekararsu.

Mutanen da suka tashi a irin wannan tsari ba abin mamaki ba ne kalmarsu ta rufewa ta yi rassa. Guan, wadda Basine yake faɗa a yau in zai ce a rufe ƙofa ko a kashe fitila, asalinta ita ma sakata ce, daga nan ta koma sunan mashigin da ke tsakanin duwatsu inda ake girke dakaru, irin su Shanhaiguan, inda Babbar Ganuwar Sin ta gangaro bakin teku, da Jiayuguan can ƙuryar yamma, har aka wayi gari ma'aikatar kwastan sunanta haiguan, wato mashigin teku. Gaɓa ɗaya ke nan ta ɗauko tun daga ɗakin kwana har iyakar daula. Kuma in an ce kantin wane ya guan men, sai mai sauraro ya dubi siyaƙin magana kafin ya gane ko lokacin tashi ne ya yi, ko kuwa jari ne ya karye.

Abin lura shi ne, duk da yawan ganuwa da sakata, mafificin yabon da Sinawa suke yi wa mulki shi ne a ce a zamanin wane ba a rufe ƙofa da dare. Ibarar ita ce ye bu bi hu, tushenta kuwa yana cikin Littafin Ladubba, ɗaya daga cikin manyan littattafan mazhabar Konfushiyas, a babin da ke siffanta wani zamani na adalci wanda a cikinsa sata ta gushe har ƙofar waje ta zama ba ta da aiki. Marubuta tarihi sun mai da ita ma'auni, don haka da suka zo yabon sarki Taizong na daular Tang sai suka ce a shekara ta 630 mutum 29 kaɗai aka yanke wa hukuncin kisa a faɗin ƙasar, ƙofofi kuma suna kwana a buɗe. Ni dai ina karanta irin wannan labari da taka-tsantsan, domin sarkin da aka ce ba a rufe ƙofa a zamaninsa shi ne dai mai birnin da ake gitta sakatar kowace unguwa kullum magariba, kuma marubucin fada, a ko'ina yake, ya san inda tuwonsa yake fitowa. Amma ko da mubalaga ce, ta bayyana aƙidar da ke ƙarƙashinta, wato ƙofar da talaka ya rufe don tsoro shaida ce a kan mai mulki.

Ƙofar da mai mulki ya rufe a kansa kuwa hukuncinta dabam ne, kuma a nan akwai ƙissar da ta cancanci a kawo ta a tsanake. Tarihin daular Han, wanda Ban Gu ya tsara a ƙarni na farko na miladiyya, ya kawo labarin wani hakimi mai suna Han Yanshou, wanda ya riƙi ɗaya daga cikin lardunan da ke kewaye da babban birni a zamanin sarki Xuan, 'yan shekaru gommai kafin haihuwar Annabi Isa, alaihis salam. Ya fita rangadi ya sauka a gundumar Gaoling, sai ga wasu 'yan'uwa biyu, wa da ƙane, sun zo gabansa suna shari'a a kan gona. Maimakon ya kira shaidu ya sa a auna iyaka, sai abin ya yi masa nauyi ƙwarai, ya ɗauki laifin ya ɗora wa kansa, a bisa hujjar cewa da ya tarbiyyantar da jama'arsa yadda ya kamata da jini ɗaya bai kai ƙarar jini ɗaya ba. Ya ce ba shi da lafiya, ya dakatar da zaman fada, ya shige masaukinsa ya ja ƙyaure, ya zauna yana tunanin kurakuransa. Garin ya ruɗe, mai gunduma da ma'aikatansa da dattawa suka tsare kansu suna jiran hukunci, dangi suka taso wa 'yan'uwan nan da zargi, har kunya ta kama su, suka aske kawunansu suka tuɓe riguna suka zo neman gafara, kowa yana cewa ya bar wa ɗan'uwansa gonar. Sai a sannan hakimi ya buɗe ƙofa, ya shigo da su, ya sa aka kawo abinci.

Daga wannan ƙissa aka sami bi men si guo, rufe ƙofa don tunanin laifi, abin da malamanmu za su kira muhasaba. A yau uba yakan faɗa wa ɗansa ita, shugaba ya faɗa wa ma'aikacin da aka dakatar, sau da yawa cikin izgili. Amma wanda ya dubi asalin da kyau zai ga cewa rufewar Han Yanshou ba ɓuya ba ce, huɗuba ce da aka yi da ƙyaure, kuma ba ta yi tasiri ba sai don kowa a Gaoling ya ga ƙofar a rufe ya kuma san dalili. Da a ce ya tafi wani kogo a dawa inda ba mai ganinsa, da 'yan'uwan nan suna nan suna jayayya a kan gonarsu. Tarihin bai ɓoye ba cewa wannan hakimi daga baya ya faɗa tarkon husumar fada aka kashe shi, wanda ke nuna cewa dabarar da ta ci talakawan gunduma ba ta ci fadawa ba.

Kusa da wannan akwai bi guan, halwar da masu zuhudu na addinin Buda suke shiga, wani lokaci har shekara uku, ana miƙa musu abinci ta wata 'yar taga. Ɗalibin da ya ƙuduri haddar darasi gabanin jarrabawa yakan ari kalmar cikin raha. Akwai kuma guan men dizi, almajirin rufe ƙofa, wato na ƙarshe da malami ya karɓa kafin ya daina karɓar almajirai, ko a ilimi ko a sana'a ko a wasan kokawa, kuma laƙabi ne na girma, saboda zaton da ake yi cewa malamin da ya ga tsufa ya cim masa ba ya ɓoye wa autansa komai.

Karin maganar da ta fi ba ni sha'awa a wannan babi ita ce bi men zao che, ƙera keken doki a bayan rufaffiyar ƙofa. Duk Basinen da ka tambaya a yau zai gaya maka zargi ne, ana faɗarsa ga jami'in da ya zauna a ofis ya tsara wa manoma shiri bai taɓa taka gona ba, ko marubucin da ke siffanta duniyar da bai gani ba. Sai dai maganar a asalinta tana da rabi na biyu da aka yar a hanya, wanda ke cewa in an fito da keken sai ƙafafunsa su dace da sawun da ke kan hanya. Kuma babban malami Zhu Xi na ƙarni na 12, da ya ambace ta a matsayin maganar magabata, ya fahimce ta a kan yabon daidaituwar ƙa'ida. Hujjar tana cikin tarihi, domin sarkin da ya haɗe ƙasar Sin a shekara ta 221 kafin miladiyya ya daidaita faɗin da ke tsakanin ƙafafun kekuna, kamar yadda ya daidaita mudu da ma'auni da rubutu, ta yadda kafinta zai iya kulle kansa a rumfarsa ya ƙera keke bai leƙa titi ba, yana da yaƙinin cewa zai bi gurbin da dubban kekuna suka riga suka haƙa. Maganar ta dace da duniyar da hanyarta ba ta canzawa. Da hanya ta soma canzawa, sai rabin farko ya tsaya shi kaɗai, yabo ya rikiɗe ya zama suka.

Baƙon da ya je gida aka ƙi ganinsa, Sinawa sukan ce ya sha romon rufe ƙofa, bi men geng. Wani littafin hikayoyi da ake dangantawa ga zamanin Tang ya ce a garin Xuancheng an yi wata mace mai zaman kanta, Shi Feng, wadda ta kasa maziyartanta daraja-daraja, na sama ta karɓe su da karimci, na ƙasa kuwa ta aika musu da kwanon romo a bakin ƙofa ba tare da ta fito ba, su sha su fahimci amsa su kama gabansu. Romon ya ɓace tuntuni, sunansa ya saura, har wanda ya je ma'aikata ya tarar an tashi ma yakan ce ya sha. Takwarar wannan a Japananci ba ta da ko ɗigon romo, monzenbarai, kora daga bakin ƙofa, kuma asalinta ukuba ce ta zamanin Edo, wato zamanin mulkin gidan Tokugawa, mafi sauƙi a cikin ukubobin kora, inda ake fitar da mai laifi daga ƙofar gidan alƙali a sallame shi. Yanzu ana faɗarta ga mai neman aiki da ba a saurare shi ba, da ƙarar da kotu ta kora ba tare da ta shiga cikin hujjoji ba. Suna kuma da irusu, kalmar da aka haɗa daga kasancewa da rashin kasancewa, ga mai gidan da yake ciki ya yi lamo don mai sallama ya ɗauka ba ya nan.

A nan ne kaɗai zan waiwayi gida, domin akwai wurin da hikimar Bahaushe da ta Basine suka yi karo kai da kai. Mu in mun ce an rufe ƙofa da ɓarawo, muna nufin an yi aikin banza, an tsare waje alhali ɓarna tana ciki. Basine kuwa guan men zhuo zei, rufe ƙofa a kama ɓarawo, dabara ce ta yaƙi, ita ce ta 22 a cikin shahararrun dabaru 36 da ake karantawa har yau a bariki da kasuwa. Kowanensu yana da gaskiya, saɓanin yana ga sani ne kawai, domin Bahaushe yana zancen mai gidan da bai san ɓarawo ya shiga ba, ya kulle ya kwanta, Basine kuwa yana zancen wanda ya sani, ya kulle ya ɗauko sanda. Ko a wajensu ma an yi wa dabarar ƙaidi, cewa ba ta halatta sai ga maƙiyin da aka fi ƙarfi, tun da Sunzi, limamin masana yaƙinsu, ya yi gargaɗin a bar wa rundunar da aka kewaye mafita, don wanda ya yanke ƙauna yakan yi faɗan a mutu ko a yi rai.

Idan aka ƙetare teku zuwa Japan, sai a tarar da wani irin gida. Fadoji da gidajen ibada da gidajen mayaƙa suna da manyan ƙofofi masu sakata, amma cikin gida ba bango ne ya raba ɗakuna ba, allunan katako ne marasa nauyi da aka manna wa takarda, fusuma mai kauri da shoji mai barin haske ya ratsa, suna zamewa a cikin wata 'yar kwata da aka sassaƙa a dokin ƙofa. Da dare ko lokacin hadari sai a jawo amado, ƙyauren ruwan sama, a rufe gidan ta waje. Ƙyauren da yaro zai iya hudawa da yatsa, wanda kuma tari ma yana ratsa shi, ba ya hana kowa shiga, ladabi ne yake hanawa. Saboda haka rufe shi ya zama fanni da ake koyarwa, a durƙusa a gabansa, a ja shi kaɗan da hannu ɗaya, a ƙarasa da ɗayan, kada a taka dokin ƙofa, kada kuma a miƙa hannu ta baya a rufe shi alhali an juya masa ƙeya. Tsofaffinsu har sun auna tarbiyyar mutum da ratar da ya bari, suka ce marar asali yakan bar sun ɗaya, wato kimanin santimita 3, malalaci ya bar sun uku, wawa kuwa ya bar ƙofar a wangale.

Luggar ta bi wannan fasali. Shimeru ita ce ta yau da kullum, ga ƙofa da taga da murfi. Tojiru ga abin da gefensa biyu suke haɗuwa, irin littafi da ido. Tozasu kuwa ta adabi ce, mai nauyi, ga zuciyar da ta ƙi kowa, da bakin da ya yi gum, da ƙauyen da ƙanƙara ta datse. Akwai kuma tsohuwar ibara, tsayar da ƙyaure, wadda ta wanzu a cikin karin maganar nan da ke cewa hito no kuchi ni to wa taterarenu, ba a tsayar da ƙyaure a bakin mutane, ma'ana tsegumi ba shi da makulli. Ɗan kasuwa ma ba ƙyaure ne alamarsa ba, noren ne, ɗan gajeren labulen da ke ɗauke da tambarin gidan, wanda ake ratayawa in an buɗe a shigar da shi in an tashi. Sauke noren shi ne barin sana'a ɗungum, kuma yaron shago da ya yi shekaru yana bauta da amana akan raba masa noren, wato a yarje masa ya buɗe nasa da sunan ubangidansa. Har a jirgin ƙasa mai kunne yakan ji bambanci, domin sanarwar da aka saba ita ce doa ga shimarimasu, ƙofa za ta rufu, kamar ba hannun kowa a ciki; amma a wasu tashoshi, in cunkoso ya yi yawa fasinjoji suna ta kutsawa, sai ma'aikaci ya juya fi'ilin ya ce doa o shimemasu, zan rufe ƙofa, kowa kuwa ya san haƙuri ya soma ƙarewa.

Haruffa biyun da Basine yake karantawa bi men, Bajapane yana karanta su heimon, sai dai a zamanin mulkin gidan Tokugawa, daga 1603 zuwa 1867, ma'anarsu ta koma ukuba. Mayaƙi ko malamin addini da ya yi laifin da bai kai na kisa ko kora ba, sai a umarce shi da heimon, a rufe babbar ƙofarsa a gitta mata gora ta waje, a toshe tagogi, ba shiga ba fita har kwana 50 ko 100. Akwai mai sauƙi, hissoku, wadda ƙofa take rufe da rana amma a kau da kai in ya sulale ta ƙaramar ƙofa da dare. Talaka kuwa tasa sunanta tojime, a buga wa ƙyaurensa ƙusa. Han Yanshou ya ja ƙyaurensa daga ciki don ya kunyata jama'a, hukumar Edo kuwa ta gitta gora daga waje don jama'a su kunyata mai gida, amma su biyun sun dogara ga abu guda, wato idon mai wucewa.

A ƙasar da kalmar uchi take nufin gida, da ciki, da kuma mu, horon da yara suka fi tsoro a da shi ne shimedashi, a fitar da yaro waje a rufe, yana kuka yana bugun ƙyaure a buɗe masa, saɓanin abin da aka sani a Amurka inda ake hana yaro fita. Kishiyar wannan ita ce larurar da likitan ƙwaƙwalwa Saito Tamaki ya yayata sunanta da littafinsa na 1998, hikikomori, mutumin da ya janye ya ƙule a ɗaki wata shida ko fiye, ba makaranta ba aiki ba hulɗa, wani har shekaru gommai, iyaye suna ajiye masa abinci a bakin ƙofa; ƙiyasin da gwamnatin Japan ta fitar a 2023 ya kai mutum miliyan 1.46 tsakanin 'yan shekara 15 zuwa 64. Masu rubutu a kan wannan mas'ala sukan tuno da tsohuwar almarar addinin Shinto da ke cikin littafin Kojiki na shekara ta 712, inda Amaterasu, wadda suke riya cewa ita ce rana, ta yi fushi da ta'asar ƙanenta ta shige kogo ta ja dutse, duniya ta yi duhu. Ba a fasa dutsen ba, rawa aka shirya a bakin kogon, aka ɓarke da dariya, har son sani ya sa ta zame shi kaɗan da kanta ta leƙo, sannan aka kama hannunta, aka kuma gitta igiya a bayanta don kada ta koma.

Saura babbar ƙofa, ta ƙasa baki ɗaya, kuma a nan ne ya wajaba a yi hattara da kalma. Kowane ɗalibi ya ji cewa Japan ta kulle kanta fiye da shekara 200, kuma akwai gaskiya a ciki: a 1635 an hana Bajapane fita ko dawowa a bisa hukuncin kisa, a 1639 an kori Fotugisawa saboda tsoron yaɗuwar Kiristanci, a 1641 aka tattara 'yan kasuwar Holan a ɗan tsibirin Dejima a Nagasaki. Amma hukumar da ta yi waɗannan dokoki ba ta kira su sakoku ba, wato ɗaure ƙasa da sarƙa. Wani tsohon tafinta na Nagasaki, Shizuki Tadao, shi ya ƙago kalmar a 1801, lokacin da yake fassara wata maƙala ta Engelbert Kaempfer, likita Bajamushe da ya zauna a Dejima daga 1690 zuwa 1692. Maƙalar kuwa kare manufar take yi, domin marubucinta ya ga ƙasa mai zaman lafiya da wadata, ya hukunta cewa rufewar ta yi mata amfani. Kuma ƙasar ba ta rufu ruf ba, tana da abin da masana tarihinsu suke kira bakuna huɗu: Nagasaki ga Sinawa da mutanen Holan, Tsushima ga Koriya, wadda ta aiko manyan tawagogi har sau 12, Satsuma ga tsibiran Ryukyu, Matsumae kuma ga ƙabilar Ainu ta arewa. Ta waɗannan bakuna alharini da magunguna da littattafan likitanci da na ilimin taurari suka yi ta shiga, azurfa da tagulla suna fita. Sai bayan da jiragen yaƙin Amurka huɗu suka tsaya a Uraga a 1853, aka kuma sa hannu a yarjejeniyar Kanagawa a 1854, sannan kalmar ta bazu, ta kuma koma sunan cutar da ake ɗora wa alhakin rauni.

Makamancin wannan ya faru a Sin. A 1757 sarki Qianlong ya taƙaita cinikin Turawan da ke zuwa ta teku a tashar Guangzhou kaɗai, amma shayi da alharini da tangaran suka ci gaba da fita, azurfa tana kwararowa, har Ingilishi suka nemi cike giɓin da sayar da ƙwayar ofiyom, abin da ya jawo yaƙin 1839 da yarjejeniyar Nanjing ta 1842, wadda ta buɗe tashoshi biyar da ƙarfin igwa. Ibarar da 'yan makarantar Sin suke haddacewa a kan wancan zamani, bi guan suo guo, ta haɗa tsohuwar sakatarsu da sarƙar da masana da yawa suke ganin daga Japananci ta shigo, kuma hukunci ne da jikoki suka yanke wa kakanni bayan an sha kaye. Buɗewa ma ba duka ce suke yabo ba, domin manufar buɗaɗɗiyar ƙofa da Amurka ta shelanta a 1899 an aika wa manyan dauloli ne, ba a shawarci mai gidan ba, don haka ambatonta yana da ɗaci, alhali buɗewar da Deng Xiaoping ya jagoranta daga 1978 ana ambatonta da alfahari, tun da wannan karon hannun da ya zare sakata na cikin gida ne.

A ganina masana tarihin da suke ƙyamar kalmar sakoku sun fi kusa da daidai, domin ƙasar da ke da bakuna huɗu da masu gadi a kowane baki ta fi kama da mai tantance baƙi fiye da wanda ya toshe ƙofarsa da laka. Sai dai kalmar da ta zauna a harshe ba ta tashi don hujja. A farkon 2017 ma'aikatar ilimi ta Japan ta fitar da daftarin sabuwar manhaja wanda ya cire sakoku ya maye gurbinta da manufar hukuma game da ƙasashen waje. Da aka nemi ra'ayin jama'a sai koke ya yi yawa, cewa sabuwar ibarar ta yi wa yara wuyar fahimta, kuma ta yaya za a koyar da buɗe ƙasa in ba a ambaci rufe ta ba, don haka kafin watan Maris na shekarar ya ƙare aka mayar da kalmar cikin manhaja.